Gandun namun dajin Jos da duwatsun Shere: yaya za mu tsara kwana 3 da iyali daga Abuja?

Abban Ummi, Kubwa:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar mutanen Jos da waɗanda suka san hanyar. Muna so mu kai iyali Jos na kwana 3, mu tashi ranar Alhamis mu dawo Asabar. Motoci biyu ne ƙanana, ɗaya mai giyar hannu, ɗaya otomatik. Manya 5, yara 6, ƙaramarsu shekara 4, babbansu 15. Akwai Hajiya mahaifiyarmu a tafiyar, kuma tana fama da ciwon gwiwa. Yaran namun daji suka ƙwallafa wa rai, manyan kuma suna son hawan dutse. Wane wata ya fi, Agusta ko Disamba? Me za mu fara da shi? Dutsen Wase da gandun dajin Pandam za su shiga cikin kwana ukun nan? A taimaka da bayani dalla-dalla, Allah ya saka da alheri.

Malam Ɗan Naraguta:

Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin a shiga tsarin kwanaki, a raba wurare uku da baƙi ke haɗawa a ka, domin daga nan yawancin ɓacin rai yake farawa.

Gandun namun daji na Jos, wanda ke tsakanin Tudun Wada da Dong ta ɓangaren hanyar Miango, an kafa shi a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk na tsohuwar jihar Binuwai-Filato. Faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 8 ne, tudu da kwari da duwatsu da dogayen itatuwan fayin. Amma manyan dabbobin da ke ciki a killace suke, cikin keji ko shinge. Ba wurin da za ka shiga da mota ka tarar da garken giwaye na kiwo ba ne. Wanda yake son wannan, Yankari ce tasa, a jihar Bauchi, sama da kilomita 200 daga Jos, kuma tafiya ce mai zaman kanta. A faɗa wa yaran haka tun daga gida. Sannan a ƙofar shiga, kafin a biya, a tambayi ma'aikaci waɗanne dabbobi ne ake da su a yanzu, saboda dabba tana tsufa, tana mutuwa, ana kawo sabuwa. Irin waɗanda aka san wurin da su akwai zaki, kura, birai iri-iri, jimina, kada da mesa.

Wuri na biyu duwatsun Shere, kimanin kilomita 10 gabas da gari. Ƙololuwarsu ta kai mita 1,829, alhali garin Jos kansa yana kan mita 1,200 da 'yan kai. Can ƙafa ce ke aiki, ba kallon dabba ba. Na uku dajin Amurum a Laminga, wanda shi ne daji na asali da aka keɓe, kuma na ga Hajiya Maman Hanif tana nan, ita ta fi dacewa ta yi bayaninsa.

Game da wata, Disamba na fi so muku. Damina a Jos daga Afrilu take zuwa Oktoba, ruwan shekara ya kai wajen milimita 1,400, kuma Yuli da Agusta su ne tsakiyarta. Gari yakan yi kore shar, ba a magana, amma ruwa na iya tsare ku a masauki yini guda, dutse ya yi santsi, ga tsawa a kan tudu. A Disamba babu wannan, sai dai hazo yana rage hangen nesa, sanyin dare kuma yakan sauka kusa da digiri 10. Da hutun makaranta zai yarda, ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba ya fi duka biyun: ruwa ya ɗauke, ciyawa ba ta bushe ba, ƙura ba ta taso ba.

Ga yadda zan jera muku. Alhamis tafiya ce, kada a ɗora mata komai ban da tsayawar kan hanya. Juma'a ku kasance ƙofar gandun da zarar an buɗe. Dalili shi ne zaki da kura da hantsi ya yi sai su shige inuwa su kwanta, wanda ya zo da azahar jela kawai zai gani. Ku ware awa 3. Wuraren dabbobin suna da tazara da juna, akwai hawa da gangara, don haka a nemi izini a ƙofa a shiga da mota ɗaya saboda Hajiya, a sa mata kujerar roba a but. A riƙe tsabar kuɗi ƙanana, domin taransfa kan maƙale, kuma a tambaya ko babbar kyamara tana da nata kuɗin daban.

Ku fito kafin 12, ku yi sallar Juma'a, sai gidan tarihi bayan an sauko. Ku sani an sha tare titunan da ke kewaye da manyan masallatai lokacin Juma'a, kamar yadda aka sha tare na coci ranar Lahadi, saboda haka a ajiye mota nesa kaɗan. Gidan tarihin Jos wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, ne ya kafa shi a 1952. Can za ku ga kawunan yumɓu na tsohuwar al'ummar Nok, waɗanda masu haƙar kuza suka fara tonowa a 1928, da zauren tukwane, da rubuce-rubucen Larabci na hannu, da tsofaffin kawunan jirgin ƙasa na siririn layin da ya haɗa Zariya da Jos. Abin da bai kamata Bahaushe ya wuce ba shi ne ɓangaren gine-ginen gargajiya, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu. A tsayar da yaran ƙarƙashin bakan gizon ginin, a nuna musu yadda azara da ƙasa suke ɗaukar rufi ba ƙarfe ba siminti. Akwai ƙaramin gidan zu a gefen gidan tarihin, in yara ba su ƙoshi da safe ba.

Wase da Pandam a cire su. Wase ta haura kilomita 200 daga Jos, zuwa da dawowa yini ne cur. Pandam kuwa a kan hanyar Lafiya zuwa Shendam take, daga Abuja ta Lafiya ta fi muku kusa, sai a ware mata wata tafiyar.

Usta Baban Gareji, Bukuru:

Ranka ya daɗe, ni maganar mota zan yi, domin Hawan Kibo ba ya raga wa motar da ba a duba ba.

Hanyar da aka fi bi: Nyanya, Mararraba, Keffi, Akwanga, Gwantu, Fadan Karshi, Forest, Hawan Kibo, Riyom, Mararrabar Jama'a, Bukuru, Jos. Kusan kilomita 300 ce, da yara da tsaye-tsaye ka lissafa awa 5 zuwa 6. Akwai ta Bwari da Jere da Kafanchan wadda za ta yi maka kama da ta fi kusa daga Kubwa, amma kada mai iyali ya bi ta sai ya tambayi direbobin tasha a safiyar ranar. Ko wacce ka bi, ku tashi bayan asuba, ku shiga Jos kafin la'asar. Tafiyar dare a hanyar nan babu ita.

Mako guda kafin tafiya a kai motocin gareji. A duba lagireto da tiyonsa da murfinsa, a tabbatar fanka tana tashi da kanta in inji ya yi zafi, a duba fanbel. A duba takalman birki gaba da baya. Man birki in ya wuce shekara 2 a zubar a sa sabo, ba ƙari ba. Dalili: man birki yana shan danshi, in ya tsufa sai ya tafasa da wuri a doguwar gangara, ka taka birki ka ji ya tafi ƙasa ba riƙo. A duba safaya da jak da sifana. Batir mai rauni da yake tashi lafiya a zafin Abuja, a sanyin asubar Jos zai iya ƙin tashi, a tafi da wayar haɗa batir tunda motoci biyu ne.

Wajen hawa, kashe iyakwandishan tun daga gindin dutsen, ka sauko giya 3 ko 2, idonka a kan allurar zafi. Kada ka yi mamaki in mota ta yi nauyi: a tsayin Jos iska ta fi ƙaranci, inji yana rasa kimanin kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa, ga lodi. Kada ka manne a bayan tirela ko tanka, in ta kasa baya take dawowa. Kada kuma ka wuce ta a kwana. In allura ta haura, sauka gefe inda ake hango ka daga nesa, sa dutse a bayan taya. In tururi na fita kashe inji, ka jira minti 30 kafin a taɓa murfin lagireto, kuma kada a kwara ruwan sanyi cikin inji mai zafi, kan inji ne zai lanƙwashe, gasket ya ƙone.

Saukowa ranar komawa ta fi haɗari. Mai giyar hannu ya sauko a giya 2 ko 3, mai otomatik ya ja ta zuwa 2 ko L, inji ya riƙe motar. Birki a taka da ƙarfi a saki, a taka a saki, ba a ɗora ƙafa a kai tun daga sama har ƙasa ba. Kada a sa mota a firi don tsimin mai. In kun ji ƙaurin birki ku tsaya minti 20, ba a zuba masa ruwa.

A cikin gari an hana acaɓa tsakanin Jos da Bukuru, Keke Napep da tasi ake hawa.

Hajiya Maman Hanif, Lamingo:

Sannu Alhaji, a gaida Hajiya da jiki. Malam ya miƙo mini Amurum, to ga shi.

Dajin yana ƙauyen Laminga a ƙaramar hukumar Jos ta Gabas, kimanin kilomita 15 daga gari. Ƙarami ne, wajen hekta 300, amma iri uku ne a haɗe: duwatsu, filin ciyawa mai gajerun itatuwa, da kurmi a bakin rafi. Wannan haɗuwar ce ta sa aka ƙirga tsuntsaye kimanin nau'i 300 a ɗan wannan wurin. A ciki cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis take, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Jos. Wurin karatu da bincike ne, ba wurin shaƙatawa ba, saboda haka a tuntuɓe su tun kafin ku baro Abuja, a nemi izini da ɗan rakiya. Kada a faɗa musu kwatsam da mota biyu cike da yara.

Abin da ke kawo masana daga ƙasashen waje wasu 'yan tsuntsaye biyu ne. Ɗaya ja ne, dangin ɗan tsuntsun nan baiwar Allah da ke shiga gidajenmu, amma shi a cikin duwatsu yake zama, kuma sai a 1998 masana suka tantance shi a matsayin nau'i na daban. Ɗayan baƙi ne mai sheƙi, ba ya yin sheƙa ko kaɗan. Macen tana zuwa ta saka ƙwanta a sheƙar jan, ɗanta ya fito da zanen cikin baki irin na 'ya'yan masu gida, don haka su ciyar da shi ba su gane ba. Namijin kuma in ya girma kukan jan yake kwaikwayo, da shi yake kiran mace. Wannan kaɗai ya isa darasin yini ga ɗan shekara 15. A kan duwatsun ana ganin rema tana shan hantsi, da birai a cikin kurmin.

Lokaci daga 6:30 zuwa 9:00 na safe, bayan nan daji yakan yi tsit. A sa tufafi masu duhun launi, ban da fari da ja. Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 ya wadatar, ko ɗaya ne a riƙa karɓa-karɓa. Ba kiɗa, ba ihu, ba gwafa, ba tsinkar komai, kuma ba a kunna kukan tsuntsu a waya don a janyo shi, yana raba shi da sheƙarsa. Ashana da sigari a bar su a mota, gobara ɗaya a Disamba tana cinye abin da aka shekara ana tsarewa.

A nan na saɓa da Malam kaɗan. Ga mai son tsuntsaye damina ta fi, saboda baƙin tsuntsun nan sai ƙarshen damina yake sa baƙar rigarsa, da rani launin ƙasa yake komawa, ba ka raba shi da sauran ƙananan tsuntsaye. Amma da 'yar shekara 4 da tsohuwa a tafiyar, na yarda Disamba ta fi sauƙi. Shawarata ranar Asabar ku rabu biyu: masu ƙarfi su tafi Shere ko Amurum, ɗaya daga ciki ba duka ba, Hajiya da ƙanana su huta.

Anti Nas, Tudun Wada:

Yaya, ga ɓangaren lafiya, a karanta wa duk manyan da za su je.

A gandun, babba ɗaya ya riƙe yara biyu, kada ya wuce haka. Kada a ɗaga yaro a ɗora shi a kan shinge don hoto, kada a zura hannu ta raga. A Disambar 2015 zaki ya taɓa kuɓucewa daga kejinsa a gandun nan har sai da aka harbe shi, don haka umarnin ma'aikata ba ƙa'idar banza ba ce. Amma raunin da aka fi samu daga biri ne. Yaro ya miƙa ayaba, ya ji tsoro ya janye hannu, biri ya cafko. Abinci ya zauna cikin jaka a rufe. In biri ya ciji ko ya yakushi wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana minti 15 cikakku, sannan a wuce asibiti a ranar saboda allurar haukan kare da ta tetanus. Kada a jira a ga ko zai kumbura.

Hawan Shere: a ɗauki ɗan jagora daga mutanen yankin ko ta cibiyar horar da matasa da ke gindin duwatsun. Hanyoyin suna kama da juna, in hazo ya sauko sai a ɓata. A fara 7:00, a juyo kafin 11:00 ko an kai ƙololuwa ko ba a kai ba. Kowane babba lita 2 zuwa 3 na ruwa, wato fiya wata 4 zuwa 6, kuma ledar ta dawo cikin jaka. Sanyin iskar yana ɓoye ƙishirwa, mutum ba ya jin gumi sai ciwon kai da jiri su kama shi. In haka ta faru, lita 1 na ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a sha kaɗan-kaɗan a inuwa. Takalmi kambas mai ƙasan roba, ban da silifas da takalmin fata mai santsi. Mata su sa wando a ƙarƙashi, hijabin ya zama wanda ba ya jan ƙasa, domin taka gefen hijabi a gangara yana kayar da mutum. Yawancin targaɗe a saukowa ake yi, lokacin da ƙafa ta gaji. Yaro ƙasa da shekara 10 ya tsaya a duwatsun ƙasa.

Kada a zura hannu a kogon dutse ko a ɗaga dutse da hannu. In maciji ya sari wani, ba ɗauri, ba tsaga, ba tsotsa, ba baƙin dutse. A cire zobe da agogo, a kafe gaɓar da sanda kada ta motsa, a ɗauke shi a kai mota. Asibitin koyarwa na Jami'ar Jos yana Lamingo, ɓangaren Shere ɗin ne.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ruwa. Kududdufan da haƙar kuza ta bari sun cika Filato, daga Rayfield zuwa Bukuru zuwa Barikin Ladi. Samansu lumui, amma ramuka ne masu miƙaƙƙen gefe, taku biyu daga baki ƙasa ta ƙare, can ciki ga sanyi ga laka mai riƙe ƙafa. Suna cin rayuka, har na waɗanda suka iya iyo. Kada kowa ya shiga. In za a hau kwalekwale a Rayfield, sai da rigar ruwa ga kowa, in babu a fasa. Ruwan da ba ya gudu kuma yana iya sa tsargiya.

Na sanyi: suwaita, hular sanyi da safa ga kowane yaro, man shafawa da man leɓe. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa a aljihu. Kada a kwana da gawayi a ɗaki a rufe don ɗumi, hayaƙinsa marar wari yana kisa cikin barci. Hajiya a tanadar mata ruwan ɗumi na alwala, sanyi yana tayar da ciwon gwiwa.

Abban Ummi, Kubwa:

Madalla, Allah ya biya ku. Mun tsayar da Disamba, mun cire Wase da Pandam. Saura biyu: ruwan Assop mai zubowa daga kan dutse, da dutsen Riyom, a zuwa za mu tsaya ko a dawowa? Kuma in mun hau Shere ranar Asabar da safe, za mu iya kama hanya a ranar?

Malam Ɗan Naraguta:

Duka biyun a zuwa, Alhaji. Assop yana wajen Hawan Kibo, kimanin kilomita 60 kafin Jos, kusa da titi. In kun tashi bayan asuba za ku iso shi da hantsi, motoci su huce kafin hawa, yara su miƙe ƙafa. Minti 45 ya isa. Gangarawa wajen ruwan kan dutse ne, Hajiya ta zauna daga sama. A Disamba ruwan ya ragu, amma dutsen da feshi ke taɓawa yana da gansakuka, baƙi-baƙin wurin nan shi ne mai santsi, a taka busasshe kawai. Dutsen Riyom, mai manyan duwatsu ɗaya kan ɗaya, yana wajen garin Riyom kafin a kai Jos, daga titi ma ana hango shi. Minti 15 na hoto, a wuce. Yankin Riyom da Barikin Ladi ya sha fama da rikici, saboda haka kada a kutsa ƙauyuka ba ɗan gari, kuma a kira mai masaukinku a safiyar tafiya a ji yadda gari ya kwana.

Hawan Shere da tuƙin awa 6 a rana ɗaya kuwa, ban yarda ba. Wanda ya sauko dutse da tsakar rana ƙafarsa na rawa, shi ne zai riƙe mota a gangarar Hawan Kibo, kuma magariba za ta same ku kafin Keffi. Ko dai a ƙara kwana ɗaya a tashi Lahadi da 8:00, ko kuma direbobin biyu su haƙura da hawan, sauran su sauko kafin 10:30, a kama hanya 11:30.

In kun ƙara kwanan, yammacin Asabar ku shiga Naraguta wajen dukawa ku sayi takalma da jakunkuna na fata, ku biya kasuwar Farin Gada don kabeji, karas, koren wake da dankalin Turawa. A nemi acca a kai gida, a kuma ɗanɗana gwate kafin a tafi. Lokacin sanyi ne sitiroberi na yankin Vom ke fitowa. Shi a saye shi a safiyar tafiya, kada a wanke, a jera shi shimfiɗa ɗaya a kwali mai huji, a ajiye cikin mota inda iyakwandishan ke kaiwa. In aka sa shi a but, kafin Akwanga ya zama ruwa.